SOSO MAI NAUYI

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙon "Baba ina ci gaban?", to ga shi, ku bar ni in sha shayina.

"Ɗaga ka ji," in ji Alhaji Labaran. "A'a, kai da hannunka. Wannan soso ne ko iska?"

Alhaji Ɗayyabu ya karɓi guntun, ya jujjuya shi, ya mayar kan tsibin. A siton kamfanin katifarsa na Bompai suke tsaye, tsakanin tsibi biyu na yankakken soso, ragowar da injin yanka ya zubar. Na dama fari ne sakayau, idan ka ɗaga shi wajen haske kana hango ƙofa ta cikinsa. Na hagu ruwan toka ne, ka ɗauka ka ji ka ɗauki abu.

"Ni dai farin na ware maka," in ji Ɗayyabu. "Irinsa 'yarka take sayowa daga Legas. Wani ɗan kwangila ne ya sa aka yi masa, ya ɓace ya bar ni da shi."

"Ka ware mini! Allah ya saka da alheri. Ɗayyabu, tare muka yi zaman Kantin Kwari ni da kai. Yaushe ka taɓa ware wa mutum abin kirki?"

"Alhaji ke nan."

"Kayan da suka yi maka kwantai za ka liƙa mini." Labaran ya sunkuya ya zaro guntu daga tsibin hagu, ya cilla sama ya cafe. "Ka ji kaya. Ko tsohuwa ce daga ƙauye ta shiga shagon katifa, ɗagawa take fara yi. In ta ji nauyi sannan ta kwance bakin zani."

Ba katifa Labaran zai yi da soson ba. 'Yarsa ta fari, Rumaisa, ita ta karanto abin a jami'a ta kawo musu sana'ar. A rumfarsu ta Sharada ake yanka soso kamar sabulun wanki, a tsoma shi cikin kwaɓin farin yumɓu, a matse, a shanya, a jera a tanderu. Wuta ta cinye soson ƙurmus, yumɓun ya tsaya da siffarsa, ya zama dutse mai ƙananan ƙofofi ta ko'ina. Dutsen soso suke ce masa. Masu zubin alminiyam ke ɗora shi a bakin mazubi, narkakken ƙarfe ya bi ta ciki ya wuce, datti ya maƙale. Babban mai sayensa kuwa, kusan shi kaɗai, Alhaji Uba ne mai zubin tukwane a Challawa. Ranar da Uba ya juya baya, ranar rumfar za ta mutu, kuma Labaran ya sani.

To Rumaisa ta haihu, tana gidan Labaran tana wankan jego. Soson Legas ya ƙare, motar da za ta kawo wani ta maƙale a hanya. Abu ɗaya ta ce da shi da za ta bar rumfar: "Baba, kada a canza komai." Maganar nan ta ɓata masa rai. Shi da ya kai atamfa har Agadas tun ba a haife ta ba, yau shi za a koya wa sayen kaya?

Ɗayyabu ya sosa gemu, ya yi fuskar wanda aka matsa wa.

"Mai nauyin nan da shi nake cusa filo. Asara za ka ja mini."

"Faɗi abin da kake so."

"Ba na son kuɗinka, mun wuce nan. Tanderunka za ka riƙa ara mini, duk ranar Talata kawai, zuwa wayewar Laraba. Akwai yarona da ya dame ni wai tayil zai gwada yi. Gas nawa ne. Amma ka sallami ma'aikatanka a ranar, ka san yaro da kunyar a ga ya ɓata aiki."

Labaran ya danne dariya. Dama ba sa kunna tanderu ranar Talata. Soso kyauta, a kan ranar da ba ta da amfani!

"Na yarda."

"Malam Abubakar!" Ɗayyabu ya kira mai kula da sito. "Zo ka zama shaida. Na ba Alhaji fari ya ƙi."

"Ka shaida da kyau," in ji Labaran. "Na ƙi, na kuma ƙi. Ya riƙe iskarsa."

Suka tafa.

*

Duwatsun sun fito gwanin kyau. Labaran ya ƙwanƙwasa ɗaya da farce ya ji ya amsa kamar tangaran, ya sa aka loda wa Uba kwali-kwali. A majalisarsu ta bayan la'asar babu wanda bai ji labari ba: ashe aikin ba sai da digiri ba. A gida kuwa ko uffan. Ya shigo ya leƙa jaririya, ya ci tuwonsa, in Rumaisa ta tambayi rumfa ya ce lafiya lau.

Sai damina ta sauka.

Wata safiya yana karin kumallo waya ta yi ƙara, Uba ne.

"Labaran! Duk inda kake ka zo Challawa. Kada ka tsaya wanka."

Ko Alhajin babu.

Ya tarar da Uba a tsakiyar masana'antarsa, hula ta koma ƙeya, ma'aikata sun yi cirko-cirko, an kashe wutar zubi. Uba gajere ne, amma muryarsa ta fi ta injin. Bai amsa sallama ba. Ya tokari wani kwali da ƙafa, kwalin ya kife.

Ba dutse ne ya zubo ba. Gari ne da ɓarɓashi.

"Ga kayanka," in ji Uba. "Ka jiƙa ka sha da ƙuli."

"Mene ne wannan?"

"Ni kake tambaya? Buɗe wancan. Buɗe na bayansa. Buɗe duka!"

Labaran ya buɗe. Wasu sun tsattsage, wasu sun kumbura sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gishiri. Ya ɗauki ɗaya da yake da sauran siffa, ya ɗan matsa, ya ruguje masa a tafin hannu.

"Wannan da sauƙi," in ji Uba. "Jiya yara suka tsinci masu kyan gani suka ɗora. Ana zuba ƙarfe ɗaya ya tarwatse. Shu'aibu, babban mai zubina, yana asibiti, ƙarfe ya fallatsar masa a ƙafa har ƙashi. Mutum mai 'ya'ya! Waɗanda ba su tarwatse ba kuma suka yi ta zubar da tsakuwa a cikin ƙarfen. Miƙo tukunyar can!"

Aka miƙo sabuwar tukunya fil, tana ƙyalli. Uba ya fizgi buta ya tuttula ruwa a ciki, ya ɗaga ta a gaban fuskar Labaran. Ruwa ya fara tsattsafowa ta gindi, ɗis, ɗis, a kan takalmin Labaran.

"Abin tace ƙarfe na ce ka kawo mini. Ban ce ka mayar mini da tukwane rariya ba. Ga motar 'yan Maraɗi can a waje tana jiran kaya. Me zan loda musu? Kai?"

Kunya ta kama Labaran, ta juye ta zama faɗa.

"Kada ka ɗaga mini murya a gaban yara, Uba! Na girme ka. Kayana lafiya suka bar Sharada. Yaranka ne suka bari ruwan sama ya doke su."

"Ruwan sama?"

"Ruwan sama!"

"Zo."

Uba ya ja hannun rigarsa har cikin sito. Ƙasa a bushe, rufi babu ko huda. A kusurwa ga wani tsohon kwali ya yi ƙura. Uba ya zaro dutse daga ciki, ya sake shi a kan siminti. Ya yi ƙara, bai fashe ba.

"Wannan na 'yarka ne, tun na bara. Ɗaki ɗaya suka kwana, iska ɗaya suka sha. Nata ga shi. Naka ga shi can a ƙasa. Me ka canza?"

"Ban canza komai ba."

"Ka rantse."

Labaran ya gyara babbar riga.

"Ba za ka rantse ba," in ji Uba. "To ka ji. Ni da rumfarku mun gama."

"Ka gama ka je ina? Kano kaf, daga Sharada har Bompai, wa ke yin dutsen nan in ba ni ba? Sai dai ka koma jiran na ƙasar waje da ake kawowa a jirgin ruwa."

Uba ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Haka kake gani?"

"Me kake nufi?"

"Kwashe garinka ka fita mini."

*

Azahar ta yi ya shiga gida da ɓarɓashin ƙunshe a hankici. Hajiya Sauda, matarsa, tana tsakar gida tana iza wutar ruwan wankan mai jego, ganyen darbejiya na tafasa a tukunya. Rumaisa na zaune a kan tabarma a baranda, jaririya a cinya, kofin kunun kanwa a gefe.

Bai taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce.

"Injiniya."

"Sannu da zuwa, Baba."

Ya ajiye hankicin a gabanta ya kwance. Ta kalla. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo kofin ruwa, ta jefa ɓarɓashi a ciki. Ruwan ya yi 'yar ƙara, ya koma fari kamar tsinkakken nono. Ta taɓa jikin kofin.

"Ya yi ɗumi," in ji ta. "Baba, wane soso aka sa?"

"Soso dai."

"Na Legas?"

"Soso soso ne."

"Baba."

Ya fita fuu, ya ɗauko guntu daga bayan mota, ya jefa a kan tabarmar. Ta ɗaga shi sau ɗaya, fuskarta ta canza.

"Umma, karɓi Aina'u ki shiga da ita ɗaki, hayaƙin nan ba shi da kyau."

Ta miƙe a hankali, ta ɗauki murfin gwangwani ta ɗora guntun a kai, ta tura bakin murhu. Ya kama da wuta, ya yi baƙin hayaƙi, ya narke. Da wutar ta mutu sai ga farar toka ta cika murfin.

"Soson kirki ba ya barin komai," in ji ta. "Wuta cinye shi take yi tas."

Ta yanka lemon tsami ta matsa a kan tokar. Nan take ta hau kumfa tana tafasa.

"Alli ne, Baba."

"Wane irin alli?"

"Garin alli. Masu katifa ke zuba shi a cikin haɗin soso don ya yi nauyi, saboda sun san mai saye ɗagawa yake yi. A katifa ba ya kashe kowa, lotsawa kawai take yi da wuri. Amma a tanderu soson ya ƙone ya tafi, allin ya zauna a cikin jijiyar dutsen, wuta ta gasa shi ya koma abu mai ƙishirwa. Da rani ba za ka gane ba. Damina na sauka ya shaƙi laima ya kumbura, ya fasa dutsen ta ciki."

Labaran ya kalli kumfar da ke kan murfin. Nauyin da ya cilla sama ya cafe, nauyin da ya yi wa Ɗayyabu gori a kansa, ashe alli ne. Ya nemi wanda zai huce a kai, babu kowa sai ita.

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ce kada a canza komai."

"Kin ce! Kin ce don me? Oda kika ba ni kamar wani yaron shagonki! Da kin buɗe baki kin ce Baba akwai alli a soson katifa, da wa zai saya? Ku 'yan boko haka kuke, ku dunƙule abu a ciki, mutum ya faɗa rami ku ce dama kun ce!"

"Alhaji, mai jego ce fa," in ji Hajiya Sauda daga bakin ƙofa.

"Ke kuma ki yi mini shiru!"

Rumaisa ta sunkuyar da kai, amma ba ta fasa magana ba.

"Ban yi bayani ba, gaskiya ne, laifina ne. Amma na roƙe ka ka bar Abban Aina'u ya kula da rumfar kafin in fito. Kamilu ya san aikin nan, tare muka yi ta gwaji a ɗan tsakar gidanmu kafin a gina tanderu. Da yana nan ko ƙofa soson nan ba zai shiga ba. Ka ce suruki ba ya riƙe maka mukulli. A gaban ma'aikata ka faɗa."

"Na faɗa! Rumfar tasa ce?"

"An ji wa wani ciwo?"

Ya kau da kai. "Shu'aibu. Ƙafa."

"Innalillahi." Ta dafe bango. "Alhaji Uba fa?"

"Ya ce ya gama da mu."

Ta juyo ta kalle shi.

"Wa ya sayar maka?"

"Ba saya na yi ba. Ɗayyabu ne ya ba ni."

"Alhaji Ɗayyabu ya ba ka? Haka kawai?"

"Musaya muka yi."

"Da me?"

Ya faɗa mata. Farin soson da ya ƙi, shaidar Malam Abubakar, ranar Talata, yaro mai tayil. Yana faɗa yana jin yadda maganar take a kunne, abin da bai ji ba ranar da ake yin ta.

"Baba, mai katifa me ya haɗa shi da tayil? Ka taɓa ganin tayil ɗin ko guda?"

Bai taɓa gani ba. Bai ma taɓa leƙawa ba, ranar Talata ranar majalisa ce tun safe.

"Yana da farin soso," in ji ta tana lissafawa da yatsu. "Ka ba shi tanderu. Abu ɗaya ya rage masa, haɗin kwaɓin. Yawan yumɓu, yawan ƙaro, yawan ruwa, da yadda ake jan wutar a hankali. Ma'aikata ma ba su sani ba, a haɗe na bar musu garin a buhu. In babu wannan, ko shekara ya yi yana ƙonawa toka zai kwasa. Ba zai iya ba, Baba."

Labaran ya tuna dariyar Uba. Haka kake gani?

"Hajiya, yau wace rana?"

"Talata mana."

Ya zari mukullin mota. Rumaisa ta jawo mayafi, uwarta ta tare ƙofa da jikinta.

"Da ɗanyen jikin? Wallahi babu inda za ki."

*

Tun daga kwanar layin ya hango hayaƙi na tashi daga rumfarsa. Ƙofar a buɗe. A cikin harabar, a kan filin da ya share da hannunsa, ga babbar motar kamfanin Ɗayyabu, ga ƙaramar motar ɗaukar kaya ta Uba ta juyo mata baya. Yara na miƙa kwalaye daga wannan zuwa waccan.

Ɗayyabu na zaune a kujerar Labaran a ƙarƙashin bishiya, yana ɓare gyaɗa.

"A'a, Alhaji! Yau ba majalisa?"

Labaran bai kula shi ba. Ya fizge kwali daga hannun wani yaro ya yage bakinsa. Duwatsun soso ne, farare, an jera su kamar ƙwai. Ya ɗauki ɗaya ya maka da ƙasa. Bai fashe ba.

"Wannan ne tayil ɗin?"

"Yaron ya canza shawara."

"Ɓarawo! Macuci! Azzalumi! A harabata kake loda wa mai sayen kayana?"

"Nan ya fi kusa da Challawa, Alhaji. Ka san tsadar mai."

"Ka san da alli a soson nan!"

"Ni na zuba shi, ya ba zan sani ba?"

"Ka bar ni na ɗauka!"

Ɗayyabu ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya miƙe. Murmushin ya tafi.

"Na bar ka? Na ɗauki fari na sa maka a hannu, ka ce iska ce. Na ce irinsa 'yarka take saye, ka ce kwantai zan liƙa maka. Na kira shaida, ka ce ka ƙi ka kuma ƙi. In aika a ɗauko Malam Abubakar? Ka kai ni gaban duk wanda kake so, Labaran, a nuna mini ƙarya ɗaya da na yi maka a kan soso."

"Ka san halina, shi ya sa!"

"Ƙwarai na san halinka. Tun a Kwari in ana so ka sayi shuɗi sai a yabi ja. Ba ni na halicce ka haka ba."

"Mutum yana asibiti saboda kai!"

"Ni na tsoma? Ni na gasa? Ni na kai Challawa?"

Labaran ya yi kansa, yara biyu suka shiga tsakani. Hularsa ta faɗi, bai ɗauka ba.

"Ka kwashe tarkacenka ka fita! Babu sauran Talata! Na warware!"

"Ka huta da warwarewa. Nawa tanderun an gama gina shi a Bompai, ya ninka wannan. Yau ce dama ta ƙarshe, in an sauke gobe mukullinka zan aiko maka. Na gode da aro."

"Gobe? Wallahi ba za a sauke komai a nan ba!"

Ya ture yaran ya faɗa cikin rumfar. Zafi ya bugi fuskarsa. Tanderun na ruri, cike da kayan Ɗayyabu. Ya san abu ɗaya ko ba digiri: in aka yanke wuta a tsakiyar gashi, aka buɗe ƙofa iska ta shiga, duk abin da ke ciki tsagewa zai yi. Ya nufi tukunyar gas, ya kama makunnin da hannu biyu.

"Baba, don Allah kada ku kashe."

Muryar daga bayan tanderu ta fito, a ƙasa-ƙasa, cikin ladabi.

Labaran ya juya.

Mutum ne tsaye da safar hannu, farin yumɓu ya bushe masa har gwiwar hannu, sanye da rigar ma'aikatan Ɗayyabu. Yana ganin sun haɗa ido ya durƙusa har ƙasa, kamar yadda ya saba durƙusawa a zauren gidan Labaran.

Kamilu ne. Mijin Rumaisa.

"Kai?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ka ba shi haɗin?"

Kamilu bai ɗago ba.

"Na zo wurinku sau nawa, Baba. Ban nemi a ba ni rumfa ba, aiki na nema. Kuka ce in je in nemi abin yi kamar sauran maza. Ragon sunan 'yata ku kuka saya, kuka kuma faɗa a majalisa. To na nemi abin yin."

"Da sirrin matarka?"

"Tare muka haɗa shi."

"Ta sani?"

Kamilu ya kau da kai.

"Tambayarka nake, ɗan banza! Ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Ka san soson da na kwaso? Kana shigowa nan duk Talata, kana ganinsa jibge a kusurwa?"

Kan Kamilu ya ƙara yin ƙasa.

"Na gani."

"Ka yi shiru."

"Ba a ba ni mukulli ba, Baba."

Hannun Labaran ya saki makunnin da kansa. Ɗayyabu ya leƙo daga bakin ƙofa, ya ajiye masa hularsa a kan benci, ya koma wajen gyaɗarsa. A waje motar Uba ta tashi, ta fice da kaya ta nufi Challawa.

Ku kuma masu son a raba muku gardama, ga yadda cinikin Bompai ya tashi. Ɗayyabu ya rabu da sharar sitonsa, ya samu sana'a da mai saye da mai haɗi, a kan soso kuwa ko ƙarya bai ɓata bakinsa da ita ba. Uba ya yi asarar tukwane amma ya kwana da duwatsu. Kamilu ya samu rigar aiki, abin da zai biya a kanta bai sani ba tukuna. Shu'aibu, wanda ba a yi cinikin da shi ba, shi ya ba da ƙafa. Labaran ya rasa Uba, rumfar ta bi shi. Wadda ta fi kowa asara kuwa tana baranda da jaririya a cinya, rabin labarin kawai ta sani.

Waya ta yi ƙara a aljihun Labaran. Ya zaro. Injiniya.

Kamilu ya ɗago kai a karon farko, idonsa ya yi ja.

"Baba, don girman Allah. Jego take yi."

Labaran ya danna, ya kai kunne.

"Baba? Ka isa? Baba, na kasa zama. In dai duwatsun Alhaji Ɗayyabu sun yi kyau, to wani ne ya ba shi haɗin. Ka ga ko wane ne?"